Kimiyya da Harshen Gida: Yadda Ake Ɗaura wa Ƙwayar Saifa Aure da Ƙwayar Sankara

Yau bayoloji za mu taɓa, kuma babin da na zaɓo shi ne na antibodi mai tsatso ɗaya, wanda a littattafanku ake kira monokulonal. Ku da ke Grimsley da Page da Dudley a nan Greensboro, da 'yan uwanmu na Ingila masu shirin GCSE, da na Kano da Maradi da ke biye da mu, akasari zanen ɓera ɗaya kuke gani da kibiyoyi huɗu ko biyar, a ce ku haddace. Haddar nan ba ta kwana. Shi ya sa za mu bi abin a tsanake, don duk wanda ya taɓa gwajin korona a gida, ko aka tsira masa yatsa a kemis don gwajin maleriya, to ya riƙe waɗannan antibodi a hannunsa ko bai sani ba.

Mu fara daga tushe. Antibodi furotin ne da jiki ke ƙerawa don ya kama baƙon abu, ko ƙwayar cuta, ko dafi. Siffarsa kamar gwafa take, ƙafa ɗaya da hannu biyu, kuma ƙarshen hannayen nan shi ne wurin kamu. Abin da yake kamawa sunansa antijin. To amma fa ba dukan antijin ɗin yake rungumewa ba, wani ɗan gurbi ne takamaimai a jikinsa, shi ake kira epitof. Masu ƙera antibodi su ne ƙwayoyin B, wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini da ake haifa a ɓargo. Ga ƙa'idar da komai ya rataya a kanta, ku riƙe ta da kyau: kowace ƙwayar B guda, antibodi iri ɗaya tak take yi, kuma idan ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, dukan zuriyarta wannan irin za su yi ta yi.

Ku ɗauka an yi ihun ɓarawo a tsakiyar kasuwa. Wani ya cafki riga, wani ƙafa, wani wuya, wani kuma hula. Haka jiki ke yi idan cuta ta shiga: ƙwayoyin B daban-daban su taso, kowace da inda antibodinta ke kamawa. Wannan taron shi ne mai tsatso da yawa, wato folikulonal. Maganin saran maciji da ake ba mutane a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe, inda kububuwa ke addabar manoma, irin wannan ne. Ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafin kaɗan-kaɗan, jikinsu ya yi antibodi, a ɗebi jinin a tace. Hanyar tsohuwa ce, tun shekarun 1890 Emil von Behring ya yi ta a Jamus don cutar mashaƙo, kuma har yau tana ceton rai. Matsalarta ita ce, abin da dokin bana ya bayar ba lallai ya zama daidai da na dokin baɗi ba, sannan a cikin ruwan akwai tarin antibodin da ba ruwansu da dafin.

Abin da masana suka daɗe suna so shi ne rundunar da kowa a cikinta hular kawai zai kama, ba riga ba, ba ƙafa ba, kuma a samu irinta yau, a samu bayan shekara ashirin. A takarda abin da sauƙi: ka ɗauko ƙwayar B guda mai yin antibodin da kake so, ka raine ta a kwalba. Sai dai ƙwayar B idan aka fitar da ita daga jiki 'yan kwanaki take yi ta mutu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mayeloma, sankarar ƙwayoyin da ke yin antibodi. Ita ba ta san mutuwa ba, in dai da abinci za ta yi ta hayayyafa a kwalba shekara da shekaru, amma ba kai za ka zaɓa mata antibodin da za ta yi ba. Ga mai sana'a ba tsawon kwana, ga mai tsawon kwana ba sana'ar da ake so.

A 1975, a ɗakin binciken MRC da ke Cambridge ta Ingila, César Milstein ɗan Ajantina da Georges Köhler, wani matashi Bajamushe da ya zo aiki ƙarƙashinsa, suka haɗa su aure. Sun yi wa ɓera allurar jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya, suka ɗebi ƙwayoyin saifarsa, suka narkar da su cikin ƙwayoyin mayeloma, sai ga ƙwaya ruwa biyu da ta gaji sana'a daga ɗaya, ta gaji rashin mutuwa daga ɗaya. Sunanta haibiridoma. Mujallar Nature ta buga aikin a watan Agusta na shekarar, kuma a 1984 aka ba su kyautar Nobel tare da Niels Jerne. Ba a yi wa dabarar rajistar mallaka a Ingila ba, abin da 'yan siyasar ƙasar suka daɗe suna cizon yatsa a kai. Ni kuwa ina ganin duniya ce ta ci riba, don Milstein ya yi ta aika wa ɗakunan bincike ƙwayoyin mayelomar kyauta.

Yanzu mu shiga ɗakin gwaji. Ana yi wa ɓera allurar antijin sau da yawa cikin 'yan makonni, a ɗan ɗebi jininsa a duba ko ya amsa. Kwana uku ko huɗu kafin babban aiki sai a yi masa ta ƙarshe, don ƙwayoyin B da ake nema su taso suna rarrabuwa. Daga nan a kashe ɓeran a cire saifa. Na san wasunku za su yamutsa fuska, amma haka abin yake, littafi ne kawai ke zana ɓeran yana murmushi. Saifa aka zaɓa saboda nan ƙwayoyin B ke cunkushe. A murje ta, ƙwayoyin su warwatsu, a zuba su tare da na mayeloma, a ɗiga wani sinadari mai kauri da ake kira PEG, wanda ke sa fatar ƙwayoyin da suka jingina da juna ta haɗe. Su Milstein da wani bairos mai suna Sendai suka yi nasu, daga baya PEG ya maye gurbinsa don ya fi sauƙin samu.

Bayan wannan, abin da ke cikin kwalbar rikici ne. Akwai ƙwayoyin B da ba su haɗu da kowa ba, akwai mayelomar da ba ta haɗu da kowa ba, akwai B da ta haɗe da 'yar uwarta B, akwai mayeloma da mayeloma. Haibiridoma ta gaske 'yan ƙalilan ce a cikin miliyoyi. Idan aka bar su haka, mayeloma za ta cinye abincin ta mamaye wurin. Yaya za a yi a tsame 'yan ƙalilan ɗin nan ba tare da an tsince su da hannu ba?

Nan ne wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa, kuma wallahi nan ne wurin da ya fi daɗi. Duk ƙwayar da za ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, kuma tana buƙatar tubalan ginin DNA ɗin. Hanya biyu take samunsu. Ko ta ƙera su sababbi fil daga farko, ko ta tattara ragowar tsofaffi ta gyara. Ku ɗauki ta farko a matsayin tuƙa sabon tuwo, ta biyu kuma ɗumame. Ƙwaya mai lafiya ta iya duka biyun. Amma mayelomar da ake aikin nan da ita, da gangan aka zaɓo wadda ba ta da wani enzayim mai suna HGPRT, shi ne tukunyar ɗumamen. Ke nan sabon tuwo kaɗai ta iya. Sai a zuba kowa da kowa cikin ruwan raino da ake kira HAT. Harafin A na tsakiya aminofterin ne, gubar da ke toshe hanyar ƙera sababbi, kamar an kulle rumbu an tafi da makulli. H da T kuma, haifozantin da taimidin, su ne kwanan tuwon da aka ajiye wa duk wanda ya iya ɗumamawa.

To ku lissafa da kanku. Mayeloma, ko ita kaɗai ko ta haɗe da 'yar uwarta: rumbu a kulle, tukunyar ɗumame babu, ta mutu. Ƙwayar B: tana da HGPRT, HAT bai dame ta ba, amma dama kwananta kaɗan ne, ita ma ta mutu don kanta. Haibiridoma ta samu tukunya daga ɓangaren B, ta samu tsawon rai daga ɓangaren mayeloma. Bayan kwana 10 zuwa 14 ita kaɗai za ka gani a madubin ƙara girma, tana yin 'yan curi-curi a ƙasan faranti. Idan aka tambaye ku me ya kashe ƙwayar B, kada ku ce HAT. Wannan amsar tana cinye maki.

Saura tantancewa. Ɓeran nan ya yi rayuwarsa, ya gamu da abubuwa barkatai, don haka yawancin haibiridomar da suka tsira antibodin wani abu daban suke yi. Ana raba su cikin faranti mai ramuka 96, a ɗebi ruwan kowane rami a gwada, galibi da gwajin ELISA, inda ramin da antibodinsa ya kama antijin ke canza launi. Ramin da ya ci, sai a tsinka shi da ruwa sosai a sake rabawa, har ya zama kusan kowane rami ƙwaya ɗaya ce ta faɗa ciki. Zuriyar da ta fito daga ƙwaya guda ita ce kulon, ga asalin sunan monokulonal ke nan. A maimaita don a tabbatar, sannan a daskarar da wasu cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Bayan shekaru a narke su, su ci gaba daga inda suka tsaya.

Amfanin farko da ya shiga gidajen mutane gwaji ne. Tsinken gwajin ciki yana ɗauke da antibodin da ke kama hCG, sinadarin da ke fita a fitsarin mai juna biyu. Antibodi ɗaya an maƙala masa launi, yana tafiya tare da fitsarin, ɗaya kuma an kafe shi a kan layi. Idan hCG na nan sai ya shiga tsakaninsu, launin ya taru, layi ya fito. Layi na biyu shaida ce kawai cewa ruwan ya bi ta inda ya kamata. Gwajin maleriya na gaggawa haka yake aiki, yawancinsu suna neman wani furotin na ƙwayar falsifarum mai suna HRP2. Ga abin da ya kamata masu zuwa hutu gida su sani: HRP2 kan yi makonni a jini bayan an warke, don haka tsinken zai iya nuna layi biyu alhali maganin ya yi aiki. Kada Hajiya ta sa a sake saya muku wani zagayen magani a kan tsinke kawai, a koma wurin likita a duba jinin da madubi.

Ku tuna ɓarawonmu. Rundunar da ta ƙware a kama hula, me za ta yi idan ɓarawo ya jefar da hular? A 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyin maleriya a Peru da ba sa yin HRP2 sam, kuma a 2016 sai da Eritiriya ta sauya irin tsinken da take amfani da shi, saboda masu zazzaɓi na gaske suna fitowa ba layi. Korona ma ta yi mana haka a nan Amurka. A ƙarshen 2020 aka fara ɗura wa marasa lafiya antibodi irin su bamlanibimab da haɗin Regeneron, sai Omikron ya zo da sauyi a daidai gurbin da suke kamawa, a Janairun 2022 hukumar FDA ta taƙaita amfani da su. Ƙarfin monokulonal da rauninsa abu ɗaya ne, gurbi guda ya sani.

Ɓangaren magani ya ɗauki lokaci kafin ya miƙe. Na farko da FDA ta amince da shi, OKT3, ya fito a 1986 don hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa. Amma furotin ɗin ɓera ne, jikin mutum ya gan shi baƙo, ya yi masa nasa antibodin. Sai aka koma gyara ƙwayar gadon. Aka fara da mai gangar mutum da kan ɓera, irin rituksimab na 1997. Greg Winter, shi ma a Cambridge, ya nuna yadda za a ɗauko 'yan yatsun kamun kawai daga ɓera a dasa a jikin antibodin mutum, irin haka aka yi Herceptin na sankarar mama a 1998. A 2002 Humira ya fito, na mutum ne gaba ɗaya, an zaƙulo shi ne da dabarar baje antibodi a jikin bairos mai cin bakteriya, wadda George Smith ya assasa a 1985. Shi da Winter sun samu Nobel a 2018. Idan kun ga sunan magani ya ƙare da mab, dangin nan ne, ko da yake a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya tsarin raɗa wa sababbi suna. A shekarar ce kuma FDA ta amince da na 100.

A yau ana iya tsallake ɓera baki ɗaya, a nemo ƙwayar B daga jinin mutumin da ya warke. Maganin Ebola mai suna Ebanga, wanda aka amince da shi a Disambar 2020, daga jinin wani da ya tsira daga annobar Kikwit ta 1995 a Kongo aka samo shi, kuma Farfesa Jean-Jacques Muyembe na cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin.

Ko ta wace hanya aka samo shi, a masana'anta ba kasafai ake rainon haibiridoma ba. Ana karanta ƙwayar gadon antibodin, a cusa ta cikin ƙwayoyin CHO, zuriyar wasu ƙwayoyi da Theodore Puck ya ciro daga jakar ƙwan wata hamsta 'yar ƙasar Sin a 1957. Daga 'yar kwalba a daskare a kai su ƙaramar tukunya, daga nan babba, har manyan tankunan ƙarfe, a riƙe su a zafin jiki, digiri 37, ana ba su sukari da iska kusan mako biyu. Sai a tace ƙwayoyin, a bi da ruwan ta cikin wani bututu mai furotin A, wanda ke riƙe ƙafar gwafar ya bar datti ya wuce, a kashe bairos da ruwan tsami, a sake tacewa, a ɗura a kwalabe. Wannan fa ba labarin nesa ba ne. Ku hau I-40 daga Greensboro ku yi gabas, kamar awa guda kun isa Research Triangle Park, inda Biogen ke da masana'anta tun shekarun 1990. A Holly Springs kuma Fujifilm ya buɗe tasa a 2025, da tankuna masu cin lita 20,000 kowanne. Jami'ar NC State da ke Raleigh tana da cibiyar BTEC mai koyar da wannan aiki, kwalejojin al'umma na jihar nan kuma suna da gajeren kwas mai suna BioWork. Ina faɗar wannan ne don a gidajenmu sana'a uku aka sani, likita, injiniya, lauya. Wanda ke son bayoloji amma ba ya son ganin jini, ga ƙofa nan kusa da gida.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda kwalaben ke zuwa. Wani rahoto da Wellcome da IAVI suka fitar a 2020 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na cinikin waɗannan magunguna a Amurka da Kanada da Turai ake yinsa. Jaririn da aka haifa a nan, tun 2023 ana iya yi masa allurar Beyfortus don kare shi daga bairos ɗin RSV mai toshe numfashi, amma mai sankarar mama a Katsina sai an sayar da gona kafin a yi zancen irin waɗannan allurai. Kuma ba kowane mab ne ke cika alkawari ba. Masu sikila sun sa rai da Adakveo da aka amince da shi a Amurka a 2019, sai babban gwaji ya kasa nuna ya rage tashin ciwon, Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023.

Inda na fi zuba ido shi ne Mali. Masana na jami'ar kimiyya ta Bamako, ƙarƙashin Farfesa Kassoum Kayentao, tare da cibiyar NIH ta Amurka, sun gwada wani antibodi mai suna CIS43LS a kan manya 330 a Kalifabougou da Torodo. Shi wannan yana tare ƙwayar maleriya ne tun daga cizon sauro, kafin ta isa hanta. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna babban awo ya ba da kariya kashi 88 cikin 100 na tsawon wata shida, amma ta jijiya ake ɗura shi. Sai aka zo da L9LS wanda ake yi a ƙarƙashin fata, aka gwada a kan yara 225 masu shekara 6 zuwa 10, a 2024 aka buga cewa ya rage kwanciya da zazzaɓin da kashi 77 cikin 100. Ku lura, wannan ba rigakafi ba ne irin R21 da Najeriya ta fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Rigakafi koya wa jiki yake yi ya ƙera nasa, shi kuwa wannan aron sojoji ne, idan suka ƙare sun ƙare. Amma wata shida ai ya rufe damina. A Kano da Katsina da Maradi yanzu, ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida kowane wata suna raba wa ƙananan yara ƙwayoyin kariya, kuma duk uwa ta san wahalar sa yaro ya haɗiye magani mai ɗaci kwana uku a jere. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, Nijar kuma tana cikin ƙasashe huɗu da cutar ta fi kisa. Allura ɗaya kafin ruwan farko za ta sauya lissafin, idan farashin giram ɗin antibodi ya sauko inda ma'aikatar lafiya za ta iya saya wa yara miliyoyi, kuma wannan aikin masu tankuna ne, ba na masu ɓeraye ba.

Ga aikin gida kafin fitowa ta gaba. Wani ɗalibi ya yi haɗin, amma mayelomar da ya ɗauko tana da HGPRT lafiyayye. Ya zuba HAT, ya dawo bayan mako biyu. Me zai tarar a farantin, kuma me ya sa gwajin ELISA zai ba shi wahala? Ku rubuta amsar cikin jimla huɗu, da Hausa, ku karanta wa Baba ko Mama ku ga ko sun gane. In sha Allahu wata mai zuwa za mu duba yadda ake gwajin jinin AA da AS da SS. Wassalam.